Riƙon karen da ba shi da ubangida: yadda ake yi da amfaninsa ga Buji da Dutse

A bayan mayanka da bakin bola a Dutse, da gefen kasuwannin ƙauyukan Buji, ba a rasa karnukan da ba su da mai su. Wasu mafarauta ne suka yar da su bayan sun ji rauni, wasu kuma iyayen gidansu ne suka tashi suka bar su. Irin wannan kare babu mai kai shi allurar rigakafi, shi ya sa yake zama hanyar yaɗuwar ciwon haukan kare.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 99 cikin ɗari na masu kamuwa daga kare suke samunta. Yara ƙasa da shekara 15 suna cikin waɗanda ta fi shafa. Hukumar ta nuna cewa kashe karnuka barkatai ba ya kawar da cutar, domin wasu ne ke zuwa su maye gurbinsu. Abin da ke katse yaɗuwarta shi ne yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura.

A nan ne riƙon wucin gadi yake da amfani. Ma'anarsa mutum ya ɗauki kare marar galihu, ya kula da shi na 'yan makonni, har a sami wanda zai karɓe shi dindindin. A Ingila tun 1860 aka kafa gidan karnukan da yanzu ake kira Battersea a Landan, kuma irin waɗannan gidaje suna dogara da 'yan sa kai masu riƙo a gidajensu. Mu ma riƙo ba baƙon abu ba ne gare mu: ɗan kasuwa ko ma'aikaci yakan ba makiyayi amanar dabbarsa har lokacin da zai buƙace ta.

Matakin farko shi ne lura kafin kamawa. Karen da ke dalalar da miyau, ko kai cizo ga duk abin da ya gani, ko tafiya yana tangaɗi, kada a kusance shi. A sanar da jami'in kula da dabbobi na ƙaramar hukuma, wanda ga mutanen Buji ana nemansa a Gantsa. Idan karen yana cikin natsuwa, a keɓe shi a wuri mai inuwa da ruwan sha, nesa da yara da awaki, na aƙalla mako biyu, a ci gaba da sa masa ido bayan haka, domin cutar takan ɓuya tsawon watanni. Sai likitan dabbobi ya duba shi, ya ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska, ya yi masa allura. Ana fara yi wa kwikwiyo yana wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa wannan allura. Duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Wa zai karɓe shi? Littafin Risala na mazhabar Malikiyya, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya ba da izinin ajiye kare domin gona da kiwo da farauta, kuma waɗannan su ne sana'o'in mutanen Buji. Sarkin baka da arɗo da mai unguwa sun san wanda ke buƙatar kare, sun kuma san wanda zai iya ciyar da shi. Mai riƙo ya faɗi gaskiyar halin karen, ya miƙa shi tare da katin allurarsa, ya kuma leƙa bayan wata guda ya ga yadda yake.

Duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar kawo ƙarshen mutuwar mutane daga wannan cuta. Kowane karen da aka ɗauke daga titi aka yi masa allura ya rage haɗarin da ke jiran yaran unguwa a hanyarsu ta makaranta.