Rumbunan Bayanai Iri Uku, Kowanne Da Aikinsa

Ya kamata jama'a su sani, rumbun ajiyar bayanai na kwamfuta iri-iri ne, kuma bukatar ma'aikata ita ke nuna wanda ya dace.

Na farko, mai jadawali, Edgar Codd na kamfanin IBM ya bayyana tsarinsa a 1970. Yana jera bayanai layi-layi kamar littafin albashi.

Na biyu yana bin sawun dangantaka: wa ya aika wa wa kuɗi? Da irinsa bankuna kan bankaɗo gungun 'yan damfara.

Na uku yana ajiye rubutu ko hoto da aka mayar jerin lambobi, ya nemo masu kama da juna. Kama da wane ba ta wane. Saboda haka kada a ɗora masa lissafin albashi.