Kamun kifin kaka a Kwara: abin da ya kamata ku sani

Tsakanin Malanville ta Benin da Gaya ta Nijar, kogin Kwara sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko ta damina ce, a Agusta da Satumba, lokacin da rassa irin su Mekuru da Alibori da Sota ke kwararo ruwa jajawur da laka. Ta biyu sai cikin hunturu take isowa, daga Disamba zuwa Fabrairu, alhali ko yayyafi babu. Wannan ruwan tsaunukan Gini ne. Tun damina ya sauka, ya bazu a fadamun tsakiyar Mali, ya yi watanni yana jan ƙafa har lakarsa ta kwanta, sannan ya iso nan garau.

Kaka, wato Oktoba da Nuwamba, tana tsakanin cikar biyu, kuma ita ce lokacin da masunta ke jira. Haka abin yake a Tumbutu, ɗaya daga cikin gundumomi biyar na Malanville a jihar Alibori, da sauran garuruwan kwarin, inda Dendawa da Zabarmawa da Hausawa ke neman abinci a ruwa ɗaya, har da Sarkawa da Kabawa masu asali da ƙasar Kabi.

Dalilin mai sauƙi ne. Da ruwa ya hau fadama, kifi yakan bi shi cikin ciyawa ya yi ƙwai, ya ci ƙwari da tsaba har ya yi kitse. Da ruwan sama ya ɗauke, rassan kogi suka fara janyewa, dole ya nemi hanyar komawa uwar kogi, hanyar kuwa 'yan makwararai ne ƙunci. Nan masunci ke tare shi da gura da kalli, ko ya shimfiɗa mamari, doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi birjik. Tarwada ba ta cika gaggawa ba, don tana iya shaƙar iska, sai ta maƙale a tabki. Gaiwa ma ta fi ta taurin kai, takan shige cikin laka ta kwanta har wata damina.

Mai fatsa shi ne ya fi kowa buƙatar sanin ruwa, tunda ƙugiya ɗaya gare shi. Za ka gan shi da sanyin safiya a tsugune inda ruwa mai gudu ya haɗu da kwantacce, ko bayan wani icce da ya faɗa kogi, domin nan kifi ke laɓewa ruwa na kawo masa abinci har baki. Ya yanki ɗan gutsuren tsohon silifa ya ɗaura a zare, idonsa a kai. In ya ga yana rawa kaɗan-kaɗan, ƙananan kifi ne ke tsakurar koto, ba zai motsa ba. In ya nutse gaba ɗaya, sai fizga. Karfasa tana son tana da ƙullin dusa, kurungu na ƙasan ruwa yake kiwo, giwan ruwa kuwa sai ɗan kifi mai rai. Wanda ke neman tsage ya sa waya kusa da ƙugiya, in ba haka ba haƙoran nan za su datse zaren ya tashi a tutar babu.

A Turai da Amurka akwai wata fatsa da ba a sa koto na gaske. Gashin tsuntsu da zare ake ɗaurawa a ƙugiya su yi kamar ƙwaro, a wurga a saman ruwa. Kifin da suka fi nema da ita shi ne trout, wanda ke zama a rafukan tsauni masu sanyi, kuma da yawa in sun kama sai su sake shi. Kada kowa ya ɓata lokaci yana nemansa a Kwara, ɗumin ruwanmu zai kashe shi. A Afirka sai wurare masu tudu da sanyi kamar Kenya da Lesotho, can ma kai shi aka yi. Amma dabarar tana ci a ruwanmu. A kogin Faro na Kamaru, wanda ke zuba cikin Binuwai, baƙi na biyan kuɗi mai tsoka su kama tsage da giwan ruwa da irin wannan ƙwaron bogi.

Sauƙin kamun kaka shi ne kuma haɗarinsa. Yawancin abin da ke fitowa daga fadama 'ya'yan bana ne, ba su kai ga yin ƙwai ba. Wanda ya toshe makwarari baki ɗaya, ko ya ja taru mai ƙananan idanu, balle gidan sauro, ya kwashe kifin baɗi tun bana. Masu zuba guba a tabki kuwa, a ganina, bai kamata Sarkin Ruwa ya saurari ko uzurinsu ba, domin mutane da dabbobi na shan ruwan nan.

Baƙon da ya zo kamu ya fara gaida Sarkin Ruwa, ya tambayi inda dorina take, don mai ɗa ba ta wasa da kwalekwale. Ya kuma tuna kogin nan iyaka ne. Sai a 2005 Kotun Duniya ta raba gardamar tsibiran da ke cikinsa, ta ba Nijar tsibirin Lete. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai aka rufe gadar Malanville, zirga-zirga ta koma kan jiragen ruwa, jami'an tsaro suka ƙara sa ido. A riƙe katin shaida a aljihu, cikin leda, kada ya jiƙe.