Hoton Mama Ba Ya Nuna Kome Duka

A Kwangila, inda ake shiga motar Shika, mukan gamu da matan ƙauye za su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello saboda ƙullutu a mama. Da yawa ba su zuwa sai ciwon ya yi nisa.

Akwai hoton mama da ake kira mamogiram. Yana da amfani ƙwarai, amma ku lura. Maman mace mai ƙuruciya cike yake da tsoka mai kauri, fari yake fitowa a hoto. Sankara ma fara take fitowa, sai ta ɓuya kamar farar kaza cikin tarin auduga. In mace ta manyanta, kitse ya yawaita, hoton ya fi nunawa.

Likitocin ƙasar Sin sun san wannan, gama sankara takan kama matansu tun suna shekara 45 zuwa 55. Namu ma da wuri take kama su.

'Yar'uwa, in kin taɓa ƙullutu, ko hoto bai nuna kome ba, ki roƙi likita a yi miki sikanin irin na masu ciki. Maigida, kada ka ce sai an sayar da masara. Ƙungiyarku ta ranta kuɗin mota.