Katangar Mutum Biyar: Yadda Jami'o'in Amurka Ke Zawarci da Rainon 'Yan Layin Gaba

A wannan fitowar shafin wasanni zai kai mu Amurka. Akwai wani wasa da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa, alhali da hannu aka fi yin sa. Ƙwallon tana da siffar ƙwai, 'yan wasa kuma suna sanye da hular kwano da matashin kafaɗa. Jami'o'i suna da ƙungiyoyinsu, kuma wasan yana da farin jini sosai, don filin Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar 'yan kallo fiye da 100,000. A cikin 'yan wasan akwai wasu ƙarti biyar da ba a cika jin sunansu ba, amma idan suka gaza, ƙungiya ta gaza. Su za mu duba: ina ake samo su, kuma yaya ake rainon su?

Su wane ne 'yan layin gaba?

Kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo ana ba shi dama huɗu ya ci gaba da yadi 10. Idan ya yi, a sake ba shi wasu huɗu. Idan ya kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Jagoran masu kai hari shi ne mai jefa ƙwallo, wanda ake kira kwatabak. Ko dai ya jefa wa abokinsa da ya ruga gaba, ko ya miƙa wa mai gudu da ita.

A gaban kwatabak mutum biyar ke jeruwa a sunkuye. Na tsakiya shi ke tura masa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa don fara wasa. Dama da hagunsa akwai masu gadi biyu, sai kuma 'yan gefe biyu da ke rufe ƙarshen layin. Aikinsu iri biyu ne. Idan jifa za a yi, su zama katanga, su hana masu tsaron baya isa ga kwatabak na 'yan daƙiƙoƙi. Idan gudu za a yi, su ture mutane su buɗe hanya. Lambobin rigarsu daga 50 zuwa 79 suke, kuma a yawancin yanayi doka ta hana a jefa musu ƙwallo. Mutum zai iya yin shekara huɗu yana wasa bai ci maki ko ɗaya ba. Alƙalin wasa ya fi ambaton lambarsa idan ya yi laifi: in ya motsa kafin a fara, a mayar da ƙungiyarsa baya yadi 5, in ya riƙe abokin karawa ba bisa ƙa'ida ba, yadi 10.

A manyan jami'o'i, ɗan layin gaba yakan kai kilo 135 zuwa 145, wato kusan nauyin buhun siminti uku, tsayinsa kuma yakan haura ƙafa shida. To a nan matsalar take. Yaron sakandare mai shekara 17 da wuya ya kai wannan girma da ƙarfin da ake bukata. Ke nan kocin da ya je zawarci dole ya yi hasashen yadda yaron zai zama bayan shekara uku ko huɗu.

Me koci ke dubawa?

Na farko ƙirar jiki: faɗin kafaɗa, tsawon hannu, girman ƙashi. Dogon hannu yana da amfani musamman ga 'yan gefe, domin wanda ya fara ɗora hannu a ƙirjin abokin karawarsa shi ke juya shi. Koci yakan fi son dogon yaro siriri mai ƙirar da za ta ɗauki nama, a kan wanda ya riga ya yi teɓa. Ana iya ƙara wa mutum nauyi a ɗakin motsa jiki, amma babu mai ƙara masa tsawon hannu.

Na biyu ƙafa. Ƙato ne, amma dole ya iya ja da baya da sauri a sunkuye, gwiwa a lanƙwashe, ba tare da ya harɗe ba. Shi ya sa masu zawarci ke zuwa kallon yaro a wasu wasannin, kamar ƙwallon kwando, jifan dalma, da kokawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a dandalin kokawar gargajiya ya san cewa wanda ya shige ƙasan abokinsa ya kafa ƙafa shi ke da rinjaye, ko da an fi shi jiki. Haka abin yake a layin gaba.

Na uku kai da hali. Ɗan tsakiya yana da 'yan daƙiƙoƙi ya karanci yadda masu tsaron baya suka jeru, ya sanar da sauran wanda kowa zai tare. Ga kuma karatu: hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta shar'anta wa mai son shiga babban rukuni ya kammala darussa 16 da ta amince da su a sakandare, da matsakaicin sakamako aƙalla 2.3 cikin 4. Wanda bai cika ba, komai ƙarfinsa, ba zai buga wasa a shekararsa ta farko ba.

Akwai kamfanoni irin su Rivals da 247Sports da ke ba yaran sakandare taurari, mafi yawa biyar. Amma a layin gaba taurarin sukan yi kuskure. Eric Fisher taurari biyu aka ba shi, ya tafi Jami'ar Central Michigan, wadda ba ta cikin manya. A 2013 shi aka fara zaɓa a duk ƙasar lokacin da ƙungiyoyin ƙwararru na gasar NFL ke ɗibar sabbin 'yan wasa. Jason Kelce kuwa ya shiga Jami'ar Cincinnati ba tare da tallafin karatu ba, a matsayin mai tsaron baya, daga bisani ya zama ɗaya daga cikin fitattun 'yan tsakiya na zamaninsa.

Misalin Jami'ar Iowa

Iowa jiha ce ta manoman masara, ba ta da yawan jama'a kamar Texas ko Florida, don haka jami'arta ba ta cika samun yara masu taurari biyar ba. Kocinta, Kirk Ferentz, wanda ke riƙe da ƙungiyar tun 1999, asalinsa mai horar da 'yan layin gaba ne. Dabararsa ita ce ya ɗauko yaro mai ƙira da hali daga wani matsayi, ya sauya masa wuri, ya yi haƙuri da shi.

Robert Gallery ya zo a matsayin mai karɓar ƙwallo na kusa da layi. Aka mayar da shi ɗan gefe, a 2003 ya lashe kofin Outland, wanda tun 1946 ake ba gwarzon ɗan layi na jami'o'i, a 2004 kuma shi ne na biyu a zaɓen NFL. Brandon Scherff ya taɓa yin kwatabak a sakandare. Shi ma ya ɗauki Outland a 2014. Tristan Wirfs zakaran kokawa ne na jihar, kuma gwanin jifan dalma da faifai. A gwajin ƙwararru na 2020, da nauyin kilo 145, ya gudu yadi 40 cikin daƙiƙa 4.85. Tyler Linderbaum, wanda ya taɓa kayar da Wirfs a kokawar sakandare, ya shigo a 2018 a matsayin mai tsaron baya. Aka mayar da shi tsakiya, a 2021 ya karɓi kofin Rimington na gwarzon ɗan tsakiya. Idan muka lura, uku daga cikin huɗun nan sun taɓa riƙe wani matsayi daban kafin wanda ya fito da sunansu.

Shekarun raino

Yawancin sabbin 'yan layi ba sa buga wasa sosai a shekarar farko. Akwai tsarin da ake kira jar riga, inda ɗalibi ke atisaye da karatu ba tare da an ƙirga masa shekarar cikin kakannin wasansa ba. Wannan shekara ta ɗakin ƙarafa ce da ɗakin cin abinci. Jami'ar Nebraska ce ta buɗe wannan hanya a 1969, lokacin da ta ɗauki Boyd Epley aikin horar da ƙarfin jiki, a zamanin da kociyoyi da yawa ke ganin ɗaga ƙarfe yana sa ɗan wasa nauyin jiki. Nebraska ta zama zakarar ƙasa a 1970 da 1971, sauran jami'o'i suka bi sahu.

Bayan ƙarfi sai dabara. Ana maimaita takun farko sau ba adadi: ina ƙafa za ta sauka, ina tafin hannu zai dira, yaya za a riƙe baya a miƙe. Sannan a zauna gaban bidiyo ana nazarin abokan karawa. Lokacin kuma ƙayyadadde ne, don dokar NCAA ta taƙaita ayyukan wasa zuwa awa 20 a mako a lokacin kaka, ta kuma ba da zaman atisaye 15 kacal a watannin Maris da Afrilu ko kusa da haka.

Abu mafi wuyar samu shi ne fahimtar juna. Idan masu tsaron baya biyu suka yi musayar wuri bayan an fara, mai gadi da ɗan gefe dole su miƙa wa juna su ba tare da magana ba. Mutum huɗu su yi daidai, ɗaya ya kuskure, kwatabak ya sha ƙasa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka ne tun 2015 ake ba da kofin Joe Moore ga layin baki ɗaya, ba ga mutum guda ba. Iowa ta ɗauke shi a 2016, Michigan kuma a 2021 da 2022.

Abin da ake sakawa a kasada

Ga yaron, tallafin karatu na iya zama hanyarsa ɗaya tilo ta shiga jami'a, ganin tsadar karatu a Amurka. Shekaru da dama doka ta ba kowace babbar ƙungiya guraben tallafi 85 ne kawai, don haka kowane kuskuren zawarci asarar gurbi ne na shekaru. Kaɗan ne ƙwarai ke kaiwa NFL. Sauran digirinsu ne abin dogaro. Jiki ma yana biyan nasa: ciwon gwiwa da kafaɗa, da karon kai da ake yi kusan a kowane zagaye, wanda likitoci ke nazarin illarsa ga ƙwaƙwalwa. Nauyin da aka tara kuma yakan zama barazana ga zuciya idan an daina wasa. Joe Thomas, tsohon ɗan Jami'ar Wisconsin da ya ɗauki Outland a 2006, ya sha bayyana yadda yake tilasta wa kansa cin abinci don riƙe nauyi, kuma da ya yi ritaya ya zubar da kilo masu yawa.

Ga kociyoyi kuwa, sabon ƙalubale ya taso. Tun 2018 aka buɗe rajistar sauya sheƙa da ta sauƙaƙa wa ɗan wasa komawa wata jami'a, tun 2021 kuma aka ba 'yan wasa damar samun kuɗi da sunansu. Yanzu ƙaramar jami'a za ta iya rainon yaro shekara uku, yana nuna sai babba ta ɗauke shi, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Masu kuɗin ma ba su tsira ba, domin tara ƙarti biyar daga wurare biyar ba ya ba su sabon da ake samu daga shekaru ana atisaye kafaɗa da kafaɗa.

Don haka, duk ranar da muka ci karo da wannan wasa a talabijin, mu ɗan ɗauke ido daga ƙwallo na daƙiƙa uku, mu kalli masu lamba 50 zuwa 79. Daga takunsu na farko za mu iya gane ko harin zai yi nasara. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.