Rumfar jiran mota a Abuja: taswira ce ke zaɓar wuri ko fasinja?

Da zarar an tashi daga aiki, bakin titin Sakatariyar Gwamnatin Tarayya kan cika da ma'aikata masu jiran motar Nyanya, Kubwa ko Lugbe. Da bazara rana ta gasa su, da damina ruwa ya jiƙa su, domin kaɗan ne ke samun rumfar fakewa.

Kafa rumfa ɗaya a Abuja sai hannu da yawa. Sakatariyar Sufuri ta Hukumar Birnin Tarayya ce ke tsara harkar zirga-zirga, FCDA ce ke gina tituna, Sashen Kula da Gine-gine ne ke ba da izinin gini, kamfanin AUMTCO kuwa shi ke da manyan motocin gwamnati.

Ma'aunin da masana tsara birane ke bi sananne ne. Ana ƙirga masu jira a wuri safe da yamma. Ana so kada tafiya zuwa matsaya ta wuce mita 400, wato kimanin minti biyar a ƙafa. Ana neman gefen da mota za ta raɓe ba tare da tare hanya ba, nesa kaɗan da mahaɗar tituna, kusa da gadar masu tafiya a ƙasa, kuma inda akwai fitila.

Sai dai babban tsarin birnin na 1979 ya tanadi hanyoyin jigilar jama'a ne a tsakiyar unguwanni, alhali tsadar haya ta kora yawancin ma'aikata zuwa garuruwan kewaye. An hana acaɓa shiga tsakiyar birni a 2006, ƙananan motocin bas suka bi sahu a 2013. Motocin gida masu ɗaukar fasinja suka cike giɓin, su kuwa duk inda mutane suka taru nan suke tsayawa: Berger, Area 1, AYA, ko ƙarƙashin gada. A irin wannan ruɗani ne 'yan fashin da ke shigar direbobin haya suke farauta.

Tashoshin Mabushi da Kugbo da aka ƙaddamar a 2025 ci gaba ne, amma ma'aikacin da ke tsaye a tsakiyar hanya bai kai gare su ba tukuna. Kafin a zuba siminti, ya kamata hukumomi su fara ƙirga inda jama'a suka riga suka saba tsayawa, sannan su kai inuwa da fitila can.