Makarantar Yara da Zaman Iyali Bayan Ƙaura Zuwa Ingila

Iyalin da suka tashi daga Kano, Kaduna ko Zariya suka koma Ingila sukan tarar cewa makarantar yara ce ke tsara musu yini, daga lokacin tashi barci har zuwa watan da za su iya leƙa gida. Tsakanin 2021 da 2023 'yan Najeriya da yawa sun tafi da iyalansu ta bizar karatu ko ta aikin jinya da kula da tsofaffi. A Janairun 2024 gwamnatin Birtaniya ta hana yawancin ɗalibai tafiya da iyali, a Maris kuma hanin ya hau kan masu kula da tsofaffi. Waɗanda suka riga suka shiga dai suna nan a Manchesta, Bamingam, Landan da sauran garuruwa, 'ya'yansu suna girma a can.

Doka ta wajabta wa yaro karatu daga shekara 5, amma yawanci suna farawa ne a watan Satumbar da ya biyo bayan cikarsu 4. Makarantar gwamnati kyauta ce, ana neman gurbi ta hannun ƙaramar hukuma, kuma kusancin gida da makaranta yana cikin manyan abubuwan da ake dubawa. Saboda haka unguwar da aka kama haya ita ce sau da yawa ke zaɓa wa yaro makaranta. Aji kuwa ranar haihuwa ce ke yanke shi: duk waɗanda aka haifa daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Agusta aji ɗaya suke. Yaron da aka tsallakar da shi aji a gida don ƙwazonsa, a nan za a mayar da shi cikin sa'anninsa. Ba a cika maimaita aji ba, kuma takardar sakamako ba ta cewa wane ya zo na ɗaya, wane na goma, abin da ke barin iyaye da yawa cikin duhu a shekarar farko.

Wahala ta gaske tana wajen kai yara da ɗauko su. Ana shiga aji kafin ƙarfe tara, a tashi jim kaɗan bayan ƙarfe uku, kuma malama ba ta sakin ƙaramin yaro sai a hannun babban da aka ba makaranta sunansa. A gida wannan aiki yakan rabu tsakanin kaka, goggo, ƙanen miji, 'yar aiki da mai adaidaita sahun da aka yi yarjejeniya da shi. A Ingila duk ya dawo wuyan mutum biyu, masu aikin da ake karɓa-karɓa. Magidanci ya sauko daga aikin dare da safe, ya ja yara zuwa ƙofar makaranta cikin yayyafi, ya koma ya kwanta bayan ya saita agogon waya ƙarfe biyu da rabi, matarsa kuma ta fita tun asuba. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, yara na isowa gida magariba ta yi. Makarantu suna da shirin riƙe yara kafin shiga aji da bayan tashi, sai dai yawanci biya ake yi, kuma sharaɗin irin waɗannan biza ya hana mai ita cin tallafin gwamnati. Barin ɗan shekara takwas ya kula da ƙannensa, abin da ba a ɗauka komai ba a gida, yana iya jawo ma'aikatan kare yara. Doka ba ta yanka shekaru ba, amma laifi ne a bar yaro shi kaɗai idan hakan zai jefa shi cikin haɗari, kuma ƙungiyar kare yara ta NSPCC tana ba da shawarar kada a bar ɗan ƙasa da 12 na dogon lokaci.

Makarantar tana ɗaukar iyaye a matsayin abokan aiki. Yaron firamare yana dawowa da littafin karatu a jaka da wani ɗan littafi da uwa ko uba zai sa hannu cewa an karanta tare. Iyo yana cikin manhaja, ana so yaro ya iya ninƙayar mita 25 kafin ya gama firamare. Akwai ƙwallo, kiɗa, zane da wasan kwaikwayo bayan an tashi, akwai ranar wasanni a bazara, akwai ranar littafi a Maris da yara ke zuwa cikin shigar wani da suka karanta labarinsa. Fita yawon ilmi sai da sa hannun iyaye. Wadda ta fi tayar da hankalin gida ita ce tafiyar kwana biyu ko uku da makarantu da yawa ke shirya wa 'yan ajin ƙarshe na firamare, musamman idan 'ya mace ce. Iyaye suna da ikon ƙi, suna kuma da ikon tambayar inda 'yan mata za su kwana da malamar da za ta kula da su, kuma tambayar ta fi ƙin da babu bayani amfani ga yarinyar.

Ganawar iyaye da malamai ba ta wuce kamar minti goma ga kowane yaro. Bahaushe ya saba damƙa ɗa ga malam a matsayin amana ya ja gefe don girmamawa. A nan shirun ana fassara shi da rashin damuwa. Malaman kuma suna sassauta magana ƙwarai, har uba ya fito da murna alhali an gaya masa ɗansa yana baya a lissafi. Wanda ya tambaya kai tsaye ko yaron ya kai matakin da ake tsammani ga shekarunsa, shi ke samun amsa ta gaskiya.

Batun addini yana buƙatar sanin haƙƙi. Ana koyar da darasin addinai, ana taron safe mai launin Kiristanci, a Disamba kuma ƙananan yara suna wasan haihuwar Annabi Isa. Doka ta ba iyaye damar cire ɗansu daga darasin addini da taron ibada. Darasin zamantakewa da aka wajabta tun 2020 ba a cire yaro daga cikinsa, amma ana iya cire shi daga ɓangaren ilmin jima'i. Yaran azuzuwa uku na farko na firamare suna cin abincin rana kyauta tun 2014. Naman halal ya danganta da makaranta, shi ya sa wasu ke zaɓar kifi ko su haɗa wa yaro abinci daga gida. Ana ba da izinin ranar Sallah idan an sanar. Islamiyya kuwa da yamma ake yi, sau da yawa daga biyar zuwa bakwai, a masallatan da 'yan asalin Pakistan, Bangaladash ko Somaliya ke riƙe da su.

Fashin makaranta yana da tara. Tun Agustan 2024 fam 80 ne a kan kowane mahaifi saboda kowane yaro, ya ninka idan ba a biya cikin kwana 21 ba. Ma'aurata masu 'ya'ya uku da suka tafi biki gida ana tsakiyar karatu za su iya biyan fam 480. Dogon hutu mako shida ne, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, lokacin da tikitin jirgi ya fi tsada. Dukan yara ma ya sauya matsayi: an hana shi a makarantun gwamnati tun 1986, Sikotilan ta haramta wa iyaye shi a 2020, Wales a 2022, a Ingila kuma malamin da ya ga shatar bulala a jikin yaro dole ne ya kai rahoto.

Harshe shi ne asarar da ba a lura da ita da wuri. Cikin 'yan watanni yaro yana jin Hausa amma yana mayar da amsa da Turanci, har gaisuwa da kaka ta waya ta koma kalma biyu. Babu Hausa cikin harsunan da ake jarrabawar sakandare ta GCSE a kansu, don haka makaranta ba za ta koyar da ita ba, ko da yake malamai da yawa suna ƙarfafa iyaye su ci gaba da harshensu a gida. Ƙananan da aka haifa a Ingila su suka fi saurin rasa ta, domin yayyensu da Turanci suke yi musu magana.