Kafin Direba Ya Zama Mai Mota

Dakon kaya a babbar mota sana'a biyu ce a haɗe, tuƙi da mallaka, kuma kowace da irin lissafinta. Direba ƙwarewarsa da lafiyarsa yake sayarwa, a biya shi albashi ko kason tafiya. Mai mota kuwa dukiya ya zuba, shi ke kwasar riba idan an samu, shi ke kwana da asara idan ta zo. A ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa na jihar Kano, inda matasa da yawa suka fara da yaron mota har suka kai ga riƙe sitiyari, tambayar da ke yawan tasowa a tasha ita ce ko ya dace direban da abin hannunsa ba ya isarsa ya rabu da ubangidansa ya nemi motar kansa.

Yanayin yankin ma yana ƙara kwaɗaitar da mutum. Babban titin Kano zuwa Zariya da Kaduna ya ratsa ta nan. A Kwanar Dangora hanya ta rabu, ɗaya ta nufi Tudun Wada, ta keta dajin Falgore, ta bi ta Doguwa zuwa Saminaka da Jos, ɗaya kuma ta yi yamma wajen Kiru da Gwarzo. Ƙasar ta noma ce ta gaske: masara da shinkafa a Tudun Wada da Doguwa, rake a fadamu, ga madatsar ruwa ta Tiga da aka gina a zamanin Audu Bako, wadda ruwanta ke raya noman rani a Kadawa da Kura. Wanda ya tsaya bakin titi a watan Nuwamba ya ga tireloli na wucewa shaƙe da buhuna zuwa kasuwar Dawanau ko Kudu, zai ɗauka kaya ne ke neman mota.

Haka ne da kaka. Da rani kuma akwai tumatir da albasa da rake. Amma daga faɗuwar damina har sabon amfani ya shigo, lodi yana ja baya, sai taki da ɗan abin da ba a rasa ba, hanyoyin ƙauye su jiƙe, motoci su yi layi a tasha ana jiran ɗan kamasho ya kira. Mota tana iya kwana bakwai ba ta motsa ba. Bashin da aka saye ta da shi kuwa bai san damina ba, duk ƙarshen wata sai ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Abin da ya fi ruɗar direba shi ne kuɗin lodi, domin sau da yawa ta hannunsa suke bi. Yana karɓar dunƙulallen kuɗi daga ɗan kasuwa, ya miƙa wa maigida, a ware masa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sai zuciya ta raya masa cewa ragowar duk riba ce. Mafi yawan kuɗin nan na hanya ne da na mota. Daga Kano zuwa Legas tafiyar kilomita dubu ce ko fiye. Tirela mai ɗauke da tan 30, wato buhun masara 300 ko buhun siminti 600, kilomita biyu zuwa uku take yi da lita ɗaya ta gas, ya danganta da lafiyar injin da halin hanya. Zuwa kaɗai ke nan tana shan lita 400 ko kusa da haka. Idan lita tana naira 1,000, an ƙone naira 400,000 kafin a sauke buhu ɗaya, dawowa kuma ta ci nata. Gas ba shi da tsayayyen farashi, tun da daɗewa gwamnati ta cire hannunta daga kansa. A farkon 2022 lita tana wajen naira 300, zuwa tsakiyar shekarar ta haura 700, a 2024 kuma ta wuce 1,000. Kuɗin dako bai taɓa tashi da irin wannan sauri ba, saboda 'yan kasuwa suna jan ciniki, kuma kullum akwai wani mai motar da bashi ya matsa wa, wanda zai ɗauka a kan ƙasa da haka. A watan Fabrairun 2024 sai da ƙungiyar masu motocin sufuri ta ƙasa, NARTO, ta umarci mambobinta su ajiye tankokin dakon mai saboda kuɗin da ake biyansu ya daina rufe ɗawainiya. Waɗannan masu jari ne, wasunsu da motoci barkatai.

Bayan gas sai taya. Tirela tana tafiya a kan taya 14 zuwa 22, kuma zafin kwalta da nauyin lodi suna cin su a hankali ko da ba a yi faci ba. Sai baƙin mai da sabis, birki, kulochi, sifirin, batir. Kusan duk waɗannan daga waje ake shigo da su, ko sabbi ko 'yan Beljiyam, don haka farashinsu a kasuwar Ƙofar Ruwa yana bin dala ne. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, kayan gyara suka bi ta. Waɗannan kashe-kashe ba kullum suke fitowa ba, shi ya sa sabon mai mota yake mantawa da su. Tafiya biyar ta farko sai ya ga kuɗi sun taru a hannunsa, ya gyara ɗaki, ya biya bashin dangi, wani ma ya fara maganar ƙarin aure. A ta shida injin ya buga a wajen Mokwa, da kayan mutane a baya. A nan sai an biya janwe ko an ɗauko bakanike daga nesa, a nemo wata motar a juye kayan, a biya 'yan dako, a ciyar da yaron mota kwanakin da zai yi yana gadi a bakin daji. Kuɗin da aka ɗauka riba ce, ashe na injin ne da ba a ware masa ba. Da yana direban wani, waya ɗaya zai buga wa maigida, ya shimfiɗa tabarma a inuwar mota ya jira saƙo.

Akwai kuma takardu da kuɗin hanya. Tuƙin tirela yana buƙatar lasisi mai aji G. Motar tana buƙatar rajista, takardar shaidar lafiyarta, na'urar taƙaita gudu da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta fara tilastawa a 2017, da inshora. Daga Janairun 2023 ƙaramar inshorar babbar motar dako ta koma naira 100,000 a shekara, kuma ɓarnar da aka yi wa wani kaɗai take biya. Idan motar ce ta kife, ko kayan cikinta suka lalace, babu ruwanta, sai in an sayi wata inshorar daban ta mota da ta kaya. Masu mota ɗaya da yawa suna tsallake wannan don tsada, alhali su ne suka fi kowa buƙatarta, domin mai mota goma idan ɗaya ta faɗi tara za su ɗauke ta. Ga kuɗin ƙungiya a tasha, ga harajin jihohi da na ƙananan hukumomi da ake karɓa a kan hanya, ga shingayen da ba sa ba da rasit. Direba ya san waɗannan sarai, sai dai ya saba biyansu daga aljihun wani.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne hanyar samo kuɗin motar. Bankin kasuwanci yana son jingina, ruwansa kuma ya yi tsada: a ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankuna suka ɗora nasu a sama. A ƙaddara mutum ya ranci naira miliyan 30 a kan kashi 30. Ruwan kaɗai miliyan 9 ne a shekara, naira 750,000 kowane wata, uwar kuɗin ba a taɓa ta ba. Ban da haka mutanen yankin da yawa ba sa kusantar bashin ruwa saboda addini. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, suna saya wa mutum kaya su sayar masa da riba sananniya, ko su ba shi haya har ya mallaka, amma su ma suna neman kafin alƙalami da mai tsaya wa mutum, kuma wa'adinsu wa'adi ne.

Abin da ya fi yaɗuwa a tsakanin direbobi shi ne wani mai hali ya sayi mota ya ba direba a kan farashin da ya ɗara na kasuwa, ya riƙa biya a hankali har ta zama tasa. Tsarin ya fitar da wasu daga talauci, ya kuma durƙusar da wasu. Bambancin yakan kasance a cikin sharuɗɗa. Wa zai yi babban gyara kafin a gama biya? Idan mota ta yi wata biyu a gareji, ana ɗaga biyan ko yana taruwa? Idan direba ya gaza bayan ya biya rabi, za a mayar masa da wani abu ko za a ɗauke motar a ce abin da ya bayar kuɗin haya ne? Da sunan wa takardun suke? Yarjejeniyar da aka ƙulla da baki a kan "ai mu 'yan'uwa ne" ita ce ke ƙarewa a gaban mai unguwa ko alƙali. A rubuta, a sa shaidu, kowa ya riƙe kwafinsa. Sayar da gonar gado don cika kuɗin mota kuwa ya fi duk waɗannan haɗari. Gona a Tudun Wada ko Doguwa darajarta hawa take yi, tana kuma ciyar da gida ko a shekarar da mota ta ƙi, ita kuwa mota tun ranar da aka saye ta take raguwa.

Ko an mallaki motar, saura lodi, kuma a gaskiya shi ne sana'ar. Kaya suna hannun 'yan kasuwa da dillalai da 'yan kamasho, su kuwa motar da suka sani suke ba wa. Direban da ya shekara goma yana ɗauko masarar wani alhaji yakan zaci alhajin nasa ne, sai ranar da ya zo da tasa motar ya tarar amanar ta ubangidansa ce, domin shi ne aka san zai iya biya idan kaya suka salwanta. Manyan masana'antu kamar na siminti suna da rundunar motocinsu, masu ba da kwangilar dako kuma suna son kamfani mai rajista da asusun banki, sannan biyansu yakan ɗauki makonni, mai mota kuwa yau yake buƙatar gas. Lodin dawowa ma haka. Motar da ta kai tumatir kasuwar Mile 12 a Legas ta juyo babu komai a bayanta ta cinye ribar zuwan, wadda ta zauna kwana goma tana jiran kaya ita ma ta ci.

Wasu asarorin ba laifin kowa ba ne a cikin harkar. A 2016 tsutsar tumatir ta cinye gonaki a Kano, motocin da suka dogara da lodin gwari suka rasa abin ɗauka. A farkon 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki. Dajin Falgore ya sha fama da 'yan fashi da ɓarayin shanu a shekarun baya, har direbobi suka riƙa kauce wa ratsa shi da dare.

Duk wannan ya fi nauyi a kan direban da yake cikin matsi, domin matsin ne ke nuna ba shi da ajiyar da zai tari ranar farko mai wuya. Ya kamata ya fara tantance daga ina ƙuncin yake. Idan maigida ne ba ya biya da kyau, maganin ya fi kusa da sauya maigida ko neman kamfani mai albashi tsayayye. Idan lodi ne ya yi ƙaranci, to ƙarancin zai bi shi cikin sabuwar motar, ya tarar da bashi a kai. Idan kuma kuɗi suna shigowa amma ba sa zama, mallakar mota za ta ƙara faɗin ramin ne kawai.

Wanda ya dace ya gwada shi ne direban da ya riƙe littafi na shekara guda cur yana tuƙa motar wani, kaka da rani da damina, yana rubuta kuɗin lodi, gas, gyara, kuɗin hanya da kwanakin zama, har ya ga abin da ke saura da idonsa. Ya kasance yana da 'yan kasuwa biyu ko uku da suka yi masa alkawarin kaya da sunansa, kuma bayan ya biya kuɗin mota akwai ragowar da za ta iya sauke injin ta riƙe gida wata uku. A lissafinsa ya ware wa kansa albashin direba daban, domin in bai yi haka ba zai ɗauki ladan tuƙinsa a matsayin ribar mota.

Tsakanin zama direban wani da sayen tirela akwai matakai. Ƙaramar mota ƙirar Kanta, mai kwaso amfani daga kasuwannin ƙauye zuwa Tudun Wada ko Kwanar Dangora ko Dawanau, jarinta ya fi sauƙi, gyaranta ana yin sa a gida, mai ita kuma yakan kwana cikin iyalinsa. Akwai haɗin gwiwa, mai kuɗi ya kawo mota, direba ya kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka rubuta bayan an cire ɗawainiya da ajiyar gyara. Wasu kan haɗa kuɗi su biyu ko uku su sayi mota ɗaya, amma wannan yana buƙatar a fayyace tun farko wa ke riƙe littafi da yadda mai son fita zai fita.

Idan an kai ga saye, tsohuwar DAF ko MAN ko HOWO ba a sayenta da kallon fenti. Ana zuwa da bakaniken da mai saye ya amince da shi, a duba hayaƙi da ƙarar injin, a leƙa shasi ko an taɓa yi masa walda, a gwada ta da lodi a kan hawa. A kuma tabbatar lambar shasi da ta injin sun yi daidai da takardu, takardar kwastan ta gaskiya ce, kuma babu bashin wani a kan motar, domin motar da aka jinginar ana iya zuwa a ɗauke ta ko a hannun wa aka same ta.